Tudun Ugu Uku a Bayan Gidanmu

Warin tsohon katakon layin dogo, idan ruwan sama ya jiƙa shi, ba ya kama da warin komai. Na taɓa shaƙarsa a wani lambu a ƙasar Turai, inda suke kafa katako su cika shi da ƙasa su shuka latas. Masu masaukina suna ta yi mini bayani kamar sabon abu ne. Ni kuwa na riga na koma Minna, bayan gidanmu na kusa da tashar jirgi, ina ɗan shekara tara.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata mata 'yar gabas, matar wani ma'aikacin reluwe. Gidansu ba fili, sai ta roƙi kakata ta ba ta aron bayan namu. Wurin kwari ne, da damina ruwa yakan kwanta. Mijinta ya jawo tsofaffin katakai daga tasha, ya jera su, ita kuma ta cika su da baƙar ƙasa da tokar murhu da kashin awaki, har suka zama tudu uku, kowanne tsawon mutum. A Sudan na ga ana haƙa wa shuka rami don ta riƙe ruwa. Ita ɗaga ta ta yi don ta tsere masa.

Da Kaka ta fito ta gani, sai ta ja da baya tana salati. An shimfiɗa su kudu da arewa, daidai yadda muke kwantar da mamatanmu.

"Baiwar Allah, maƙabarta kika buɗe mini a gida?"

Matar ta yi dariya har da dafa gwiwa. Hausarta ba ta raba mace da namiji. "Mama, kai ka cika tsoro! Wannan abinci ne."

Duk da haka washegari matar ta sa aka juya su gabas da yamma. Ta shuka alayyafo da tattasai, amma abin da ta fi ji da shi ugu ne, wani ganye na ƙasarsu da ba mu sani ba. Ya hau rumfar da ta kafa masa ya rufe ta, ya rataya 'ya'ya manya kamar kabewa. Ni da ɗanta muke ɗebo ruwa, kuma a bakinsa na koyi harshensu, harshe na farko cikin waɗanda na tsinta a yawon duniya.

Sai shekarar da ƙasa ta rikice. Ƙarshen damina ne, aka wayi gari mutanen gabas suna ɗaure kaya. Matar ta shigo da hantsi, ɗankwalinta a karkace, rungume da ɗan ugu guda. Hausa ta gudu daga bakinta ranar. Ta yi ta zuba magana da harshensu, Kaka ta juyo gare ni.

"Maigidana, me take cewa?"

Abu biyu ta faɗa. Na farko, a riƙe mata irin nan har ta dawo, domin daga gonar mahaifiyarta ta zo da shi. Na biyu, kada a shanya shi: a bar shi cikin ɓawonsa, ranar da aka fasa ranar za a shuka. Na ji duka biyun sarai. Amma idona yana ƙofa, inda ɗanta, abokina, ke tsaye da tabarma a ka, bai ko dube ni ba. Na faɗi na farko. Na biyun na ce a raina zan faɗa anjima.

Kaka ta karɓa da hannu biyu. "Ce mata amana ce."

Ban tuna ba sai bayan mako biyu, da na dawo daga makaranta na ga faifai a kan rufin kicin. Kaka ta yi wa irin nan abin da take yi wa kowane iri tun tana budurwa. Ta fasa, ta wanke, ta shanya kwana da kwanaki kamar kuɓewa, tana shirin zuba shi a gora da toka. Ta nuna mini tana murna. Na taɓa ɗaya, ya yi sakayau. Na mayar da shi kan faifan.

Rani ya ƙone ugun da ke kan rumfar har saiwa. Da ruwan farko ya sauka Kaka ta shuka irin a tudu ukun, ta yi ta leƙawa safe da yamma. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Ba ta sake shuka komai a wurin ba, kuma ba ta bari kowa ya shuka ba. Mahaifina ya so ya sa masara, ta ce wurin na mai shi ne. Takan cire ciyawa, ta tattara ƙasar da ruwa ya zaizaye, ta daddaɓe da tafin hannu. Tudu uku, babu ko ganye. Duk juyawar da aka yi musu, sai a lokacin suka koma abin da ta fara kiran su. Mu yara muka daina bi ta nan.

Bayan yaƙi wasu sun dawo. Duk ranar da jirgin kudu zai shigo takan aike ni tasha. Na ga fuskoki da yawa, ban ga tata ba, ban ga ta abokina ba. Shekarar da Kaka za ta rasu, tana zaune a gefen katakon ta ce, "Idan ta zo ba na nan, ka ce mata ni na kashe mata iri. Hannuna ne ba shi da albarka."

Ko a ranar ban faɗa mata ba.

Yau ugu ya cika kasuwar Minna, jikokina ma sun ɗauka namu ne tun asali. Bayan gidan nan an gina shaguna. Ni kuwa da na gama yawo na zauna a unguwar Maitumbi, na kafa tudu uku, gabas da yamma. Duk shekara nakan fasa ɗan ugu in shuka shi nan take, hannuna na danƙo. Kafin in rufe ƙasa nakan faɗa da Hausa, a fili, ko da ba kowa a wurin: "Kaka, ta ce kada a shanya."