Akuyar da Ta Hana a Kai Inna Jidda

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta ranar da na shigar da akuya gidan tsofaffi a Madina ba.

A shekarun 1980 ina aikin girki a wani gidan kula da tsofaffin mata a wajen Uhudu. Akwai wata Bafulatana da muke kira Inna, wadda ta zo Hajji a ƙafa tun da ƙuruciya ta zauna. Kwatsam ta daina cin abinci. Madarar gwangwani ma kau da kai take yi, wai ruwan alli ce. Likita ya ce in ta ci gaba haka, asibitin Jidda za a kai ta. Ita kuwa burinta ɗaya a duniya, ta cika a Madina. Tausayinta ya hana ni sukuni. Da na matsa mata, sai ta ce ita dai nonon da ta tatsa da hannunta take marmari.

To, dabba ba ta shiga gidan, tun da wani ragon layya ya tunkuyi wata tsohuwa ta karye a ƙugu. Da na nemi in kawo akuya, Mudir ɗinmu, wato shugaban gidan, ya ce mamnu'u ne, an hana, magana ta ƙare. Ni kuwa ba kanwar lasa ba ce, na yi ta binsa har ya gaji da ganina. Ya yarda in kawo akuyar, amma sai likitan dabbobi ya duba ta, kuma marar ƙaho, a tsakar gida kawai, igiya a hannuna. Masu ciwon ƙirji su zauna a ɗaki, wanda ya taɓa ta ya wanke hannu, nonon kuma sai an tafasa.

Na aro akuyar maƙwabcinmu, na yi mata wanka da sabulu tana ta ihu kamar za a yanka ta. Aka turo Inna a keke. Ta kifa goshinta a jikin akuyar, ta yi mata Fulatanci ƙasa-ƙasa, hannuwanta suka kama tatsa tsaf. Da na ɗauki ƙwaryar zan kai wuta, ta harare ni.

"'Yar nan, nonon za ki ɓata?"

"Inna, ko a tafasa, ko Jidda."

Da na tafasa na kawo, ta shanye tas, har ta nemi dabino. Wallahi sai da na rangaɗa guɗa a gaban Mudir. Daga nan duk Juma'a akuyar na zuwa, da sharuɗɗan nan ba ragi. Inna ta ƙara shekaru, kuma a Madina aka yi mata sutura.

Tun ranar na gane cewa in doka ta tsare hanya, ba tsallake ta ake yi ba. A tambayi abin da take tsoro, a yi maganinsa, sai ta buɗe ƙofa da kanta.