Abincin Mushe Karlo

Wata Laraba ce cikin kakar gyaɗa, shekarar da haƙorana na gaba suka fita, Inna ta fara ɗora mini ƙwaryar tumatir ta ce in kai gidan Mushe Karlo. Ban kai ga ƙofar ba wani wari ya tarbe ni, irin na ƙafar da ta wuni cikin takalmin roba. Na leƙa na ga wani jan bature mai tumɓi, gashi har bayan yatsunsa, ya ciro wani dunƙule daga cikin tulu yana kankare koren fumfuna da wuƙa. Ya yanki ɗan guntu ya jefa a baki, ya lumshe ido, sannan ya miƙo mini sauran. Na dire ƙwaryar na ruga, ban tsaya ba sai gindin tsamiyar unguwarmu, inda na yi ta tofar da yawu.

Mushe Karlo mutumin Italiya ne, "mushe" kuwa shi ne yadda bakinmu ya iya faɗin laƙabin girmamawa na Faransanci. Gyaran kamyo, manyan motocin dakon kaya, ya kawo shi Magarya, da ƙarfinsa ya ja baya sai ya buɗe ɗakin abinci bayan filin da ake jibge buhunan gyaɗa. Ɗaki ne na laka mai rufin kwano, da rumfar zana da tabur huɗu na cin abinci. Turawan bariki da masu sayen gyaɗa su ne masu cin abincinsa, mu kuwa mu ne maƙwabtansa masu shan wari. A bayan gidan yakan shanya taliya a kan gora, fara sol, tana reto kamar hanjin kaza, ƙudaje na hawa suna sauka. Yaran lakwal, wato 'yan makarantar boko, sun rantse mana tsutsa ce yake kiwo. Miyarsa ja ce jawur, babu kuka babu daddawa, kuma ɗanyen ganye yake yayyafawa da mai ya ba mutane kamar awaki. Cukunsa, dunƙulen nan mai fumfuna, bai yi kama da busasshen cukun Buzaye da muka sani ba ko kaɗan. Kakata Iya Hajo, in iska ta kaɗo daga can, sai ta toshe hanci da gefen zane ta ce, "Wanda ya sa masa suna mushe bai yi ƙarya ba." Ƙanen Inna, Kawu Ila, shi ke yi masa yanka da wanke-wanke, kuma in ya zo gidanmu Iya ba ta barinsa ya taɓa randa sai ya cuɗe hannu da toka.

Haka na yi ta kai tumatir kowace safiya bayan na share tsakar gida na ba tumaki dusa. Na koyi riƙe numfashi tun daga bakin rijiya har in fito. Shi kuwa kullum sai ya ɗauki tumatir ɗaya ya shinshina, ya sumbaci yatsunsa, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Baba naka, gona mai kyau!"

Wata safiya Baba ya taso daga fadama da jakinsa ɗauke da kaya, motar wani baturen bariki ta biyo hanya, jakin ya ƙi kaucewa. Kafin hantsi labari ya iso gida cewa gardi, dogaran bariki, sun ɗaure Baba a jikin bishiya cikin rana, kuma ana maganar tura shi aikin hanya na tilas. Inna ta zauna dirshan a ƙasa. Duk da haka ta ɗora mini ƙwaryar, don ba ta san abin da za ta yi ba in ba wannan ba. Na isa ina kuka, Kawu Ila ya yi wa Mushe Karlo bayani. Mushe Karlo ya zaunar da ni a kan buhun albasa ya ce kada in tafi.

Da azahar baturen barikin ya zo cin abinci. Ta tsakanin zana nake kallonsa yana naɗe taliyar a cokali mai yatsu, yana zuƙe ta, jan mai na gangarowa ta haɓarsa. Mushe Karlo ya tsaya a kansa yana magana da Faransanci, yana nuna farantin, yana nuno ni. Baturen ya dube ni ya fashe da dariya, abincin da bai haɗiye ba duk a waje. Ya kira gardi ya faɗa masa wata magana ba tare da ya ajiye cokalin ba. Daga baya Kawu Ila ya fassara mana: cewa baturen ya yi a kwance mai jakin, kada miyar gobe ta lalace. Saboda tumatir aka saki ubana, ba don shi mutum ne ba. Duk ƙyamar da na taɓa yi a gidan nan ba ta kai ta wannan bakin mai maiƙo ba.

Washegari Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, shatin igiya na nan a wuyan hannunsa, ya kama hannuna muka je godiya. Mushe Karlo ya ƙi sauraron godiyar, sai ya shimfiɗa mana tabarma ya dire akushi cike da taliya. Baba ya dubi Kawu Ila ya ce, "Ila, tsakaninka da Allah, babu haram a ciki?" Kawu ya ce, "Yaya, ragon nan da hannuna na yanka shi." Baba ya yi bismilla ya sa hannu. Ni kuwa na ƙura wa abin ido. Baba ya ce a hankali, "Ki ci, Zara'u, kada ki ba ni kunya." Lomar farko ta zame mini a harshe kamar mai rai, hawaye suka cika idona, na haɗiye da ƙyar. A ta biyu na ji tafarnuwa da zaƙin tumatirin gonarmu, abin da ya ƙara ba ni haushi, don ban so ta yi daɗi ba. Mushe Karlo na durƙushe a gabanmu yana gumi, yana bin kowace loma da ido, sai da muka suɗe akushin sannan ya miƙe yana tafa hannu. Da muka koma gida Iya Hajo ta sa na kurkure baki da ruwan kanwa, amma Baba ta ƙyale shi.

Mushe Karlo ya zauna tare da mu har bayan da turawan bariki suka tattara suka tafi, yana dafa wa direbobi da 'yan kasuwa, kuma na ci abincinsa sau da yawa ina yatsina fuska. Yanzu a wurin ana sayar da kayan gyaran babur. Jikokina kan sayo abinci a leda su ci a tsaye, mai sayarwar bai ko ɗaga kai ya ga wanda ya saya ba. Abincin nasu ba ya wari, ba ya ɗaga wa kowa zuciya. Sai dai ban ƙara samun wanda ya durƙusa yana jiran in ƙoshi ba.