Santin da Na Haɗiye

A shekarun da nake zuwa Guangzhou saro takalma, ni ne gwanin kama mutane da santi. Da zarar mun zauna cin abinci wani ya soma zuba, ko ya yabi miya fiye da kima, sai in ajiye cokali in ce a riƙe shi kada ya faɗi. Wanda ya fi shan wuya a hannuna wani abokina ne ɗan Maraɗi, mai sayen yadi. Sau ɗaya ya ce wani kifi ya tuna masa da mahaifiyarsa, na shekara ina ba da labarin a duk ɗakin da Hausawa suka taru a unguwar Sanyuanli.

Zoɓo ne ya kai ni shagon wata mata. Wata rana na ɓace a lungunan bayan kasuwa, zafi ya ishe ni, sai na hango tulun gilashi cike da jan abu a ƙofar wani ɗan shago mai tebur huɗu. Na saya na kurɓa, ashe zoɓo ne, har da ɗan tsaminsa. Mai shagon dattijuwa ce 'yar ƙasar Meksiko, gajera mai furfura, aure ya kawo ta China. Da guntun Turancina da guntun nata muka fahimci juna. Da na ce mata a garinmu ma muna shan wannan, sai ta shiga fito min da kaya, tsamiya, wake, busasshen barkono, masara, ina faɗa mata sunayensu da Hausa tana maimaitawa. Tun ranar nake kiranta Mama.

Ban ci abincinta ba, domin ba ta ɓoye min ba cewa da kitsen alade take girki. Bayan mako guda na koma shan zoɓo, sai ta ja ni kicin ta nuna min sabuwar tukunya da ludayi da wuƙa, kowanne ta ɗaura masa koren zare. Nama kuma ta ce wurin mahautan Musulmi na kusa da Masallacin Huaisheng za ta riƙa sayowa. Daga nan na zama ɗan gida. Tana taɓa ƙullin masara da tafin hannu ta gasa shi fale-fale, in naɗe wake da nama a ciki, in yi ta surutu kamar rediyo, tana dariya. Ban taɓa kai kowa ba, don na san halin bakina a wurin.

Mijinta mutum ne marar magana, kullum yana zaune a bakin ƙofa da kofin shayi. Wata rana Mama ta gaya min cewa ya gaji, maƙwabta ba sa cin irin abincinta, yana so ya mayar da shagon na taliya. Ta roƙe shi ya dakata. Ta ce in na kawo mutanena, ya ga da idonsa suna so, zai bar ta ta ci gaba. Abin da ya rage mata na garinsu ke nan, in ji ta. Na bugi ƙirji na ce ta bar min wannan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kwashi mutum biyar, har da ɗan Maraɗin da wani Alhaji babba da duk muke jin nauyinsa. A hanya ɗan Maraɗin ya ce yau za a ga ƙarshen mai kama mutane. Na yi dariya, amma maganar ta zauna min.

Kwana biyu Mama ta yi tana shiri. Ta yi abin da suke kira tamal, ƙullin masara da nama a naɗe cikin ɓawon masara, an turara kamar alale, ga wata baƙar miya mai kauri da ban taɓa ɗanɗana irinta ba. Lomar farko na ji magana ta taso min har maƙogwaro. Na ɗaga ido na ga duk ni suke kallo, sai na haɗiye ta tare da lomar. Su ma tsorona suke ji, kowa ya kama bakinsa. Ƙarti shida muka ci abincin nan fuska a murtuke kamar masu zaman makoki. Da Alhaji ya tsame hannu ya bar saura, mu ma duk muka bari, don kada a ce wane ya suɗe kwano. Mijin yana kallonmu daga bakin ƙofa.

Mama ta fito tana goge hannu, ta tsaya a kaina.

"Ɗana, ya yi daɗi?"

Ɗan Maraɗin ya karkato kunne yana murmushi. Na ɗaga kafaɗa na ce, "Ba laifi."

Ta gyaɗa kai ta fara kwashe kwanukan da saura a ciki.

Sai da muka shiga tasi santin ya ɓalle. Alhaji da kansa ya rantse tunda ya baro gida bai ci abinci irin wannan ba. Muka yi ta dariya, aka ce an yi kunnen doki. Na ce a raina gobe zan koma in yi mata bayanin al'adarmu, in ce mata shirun nan yabo ne. Gobe ta zo na tafi masana'anta duba kaya, jibi lodin kwantena. Lokacin ana dab da wasannin Olamfik, an tsananta maganar biza, aka ƙi sabunta tawa. Na bar gari a gurguje. Abokan ma haka suka watse, kuma ni kaɗai zan iya gane hanyar lungun. Ranar tafiyata tasi ta bi ta bakin layin shagon, na duba agogo na ce wa direba ya wuce.

Da na dawo bayan watanni, ko masauki ban nema ba na nufi wurin. Babu tulun zoɓo. Tururin taliya ne ke tashi, mijin na tsaye a bakin wuta. Ya gane ni. Ya ce Mama ta koma ƙasarsu wurin ƙanwarta, ba ta da niyyar dawowa. Ya shiga ciki ya fito da tukunyar nan, koren zaren na nan a hannunta. Ya ce ita ta bar saƙo a ba ni in na zo, a kuma tabbatar min alade bai taɓa shiga cikinta ba.

Kunya ta rufe ni. Na ce masa abincin ranar ya yi daɗi ƙwarai, duk mun yaba, har yau muna maganarsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ita ce ta tambaye ka, ba ni ba."

Ya koma kan taliyarsa, ni kuma na tsaya a lungun da tukunya a hannu.