Shekarar da Baffa Ya Zama Wakilin Kuɗin Mai

Wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, a kakar shekara ta biyu da daina kashe fam da sulai aka koma naira, wata farar mota ta tsaya a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a Daudawa. Ni da Lawandi, ɗan baffana, muna zaune a kan tabarma muna tsince datti daga audugar da za a kai kasuwa. Wani ƙaton mutum ya fito cikin babbar riga mai ƙyalli, ƙamshin turarenshi ya danne warin garken awaki. Har yau ban san sunanshi na yanka ba, Alhajin Ikko kawai ake ce mashi. Ya dafa kan Lawandi ya ce, "Samari, maigidan na ciki?" Ni da na fi kusa da shi, ko kallona bai yi ba.

Kafin wannan rana ban san akwai abin da Lawandi zai samu ni in rasa ba. Gidanmu ɗaya, sashen Baba a gabas, na ƙanenshi Baffa Ɗanjuma a yamma, rumbuna a tsakiya. Wata guda aka haife mu, wanzami guda ya yi mana kaciya, akushi guda muke sa hannu. Da safe mu je makarantar allo, mu wuce firamare da ɗumamen tuwo a ciki, in an tashi mu kora awaki bakin fadama, mu yi ta harbin kurciya da danƙo har rana ta yi sanyi. In farin wata ya fito a yi langa a dandali, kuma kullum ɓangare ɗaya muke. Ko rake aka ba mu, sai Inna ta ƙirga gaɓoɓin ta karya daidai.

A lokacin ba a maganar komai sai kuɗin man fetur. An ce ma'aikata sun samu ƙarin albashi, malaman makaranta suna ta sayo babura daga Funtuwa. Alhajin Ikko ya ce ai manoma ma an ware masu nasu kason, amma sai wanda ya shiga kamfaninshi. Za ka biya kuɗin shiga a ba ka wani bajo na ƙarfe mai hoton rijiyar mai, kafin ruwan shuka kuma a kira ka Faskari ka karɓi abin da zai saya maka shanun huɗa, ya rufe maka ɗaki da kwano. Abin da yake nema shi ne wakili, mutumin da gari ya yarda da shi. Baba ya fara yi wa tayi. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Alhaji, banza ba ta kai zomo kasuwa." Baffa kuwa, mutum mai fara'a da saurin yarda, ya karɓa.

Nan da nan sashen yamma ya canza. Aka ba Baffa sabon keke mai madubi biyu da rediyo mai rigar fata. Zauren da Baba ke tufkar igiya shi kaɗai ya cika da baƙi daga Ruwan Godiya har 'Yargoje, kowa da kuɗin audugarshi a ƙulle cikin lalita. Ƙamshin shinkafa da miyar nama ya riƙa tsallako danga yana iske mu a kan tuwon dawa da miyar kuka. Duk wannan da na iya haɗiyewa. Abin da ya gagare ni shi ne agogon da Alhaji ya ɗaura wa Lawandi da hannunshi, wai ladan raka Baffa ƙauyuka. Agogon ya yi mashi yawa, sai da aka huda maɗaurin da ƙusa. A makaranta yara suka riƙa binshi kamar ƙuda, har mai buga ƙararrawa sai ya tambaye shi lokaci. Ba ya yi mani rowa, yakan ce, "Zo ka sa a kunne ka ji yana tafiya." Wannan kirkin nashi ya fi komai ƙona mani rai. Na daina jiranshi in za a fita kiwo, a langa kuma na koma ɗaya ɓangaren don in samu in ture shi.

Na roƙi Baba har da kuka. Ya ce in tashi in ba jaki dusa. Sai na yanke wa kaina shawara. Ina da wani jan zakara da kakata ta ba ni, na kama shi ranar da motar ta dawo, na durƙusa gaban Alhaji a cikin mutane na ce a sa ni a kamfani. Ya dubi zakaran, ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan wane ne? Au, ɗan mai zomo! Je ka ce ma babanka har yanzu ƙofa a buɗe take." Zaure ya ɗauki dariya. Na koma bayan rumbu da zakarana a hammata, na yi ta kuka, ina jin a duk duniya ba wanda aka bari a baya sai mu.

Ranar rabo gari ya kusan watsewa. Dattawa suka sa rigunan salla, suka maƙala bajo a ƙirji, wasu a keke, wasu a kan jaki, suka nufi Faskari. Lawandi na bayan keken Baffa yana ɗaga mani hannu. Mu kuwa Baba ya tasa ni gaba muka tafi sharar gona, ina tara karan dawa ina ƙunƙuni. Sai bayan la'asar suka fara dawowa, ɗai-ɗai. Ashe sun yini a rana a gaban wani shago da kwaɗo a ƙofa. Mai shagon ya ce hayar 'yan watanni aka yi, kuma mutumin ya kwashe kayanshi tun makon jiya. Ma'aikatan da aka tambaya suka ce ba su taɓa jin sunan kamfanin ba.

Alhajin Ikko ba a san inda za a same shi ba, Baffa kuwa kowa ya san ƙofar gidanshi. Bai ɓuya ba. Ya sayar da keken da rediyon, ya sayar da shanun huɗarshi, daga ƙarshe har gonar fadama, ya riƙa bin mutane gida-gida yana ba su abin da ya samu. Baba bai taɓa ce mashi "ai na faɗa maka" ba. Rumbunmu ya buɗe aka raba dawar biyu. Amma kunya ta hana Baffa zaman garin, da damina ta kama ya kwashi iyalinshi zuwa wajen surukanshi a Sabuwa. Waɗanda kuɗinsu ya salwanta su ne suka ɗora mashi kaya a mota, suna cewa, "Ɗanjuma, tare aka cuce mu." Direban ya sa Lawandi a gaba kusa da shi. Ni ko a lokacin ban taɓa shiga gaban mota ba, kuma wallahi, hawaye na zuba, abin da nake ji ke nan: ya sake riga ni. Sai da aka kawo tuwon dare na ga akushi gabana ni kaɗai, sannan na gane abin da aka ɗauke mani.

Yanzu macuci ba ya buƙatar mota ko turare. Saƙo yake turowa a waya, ya kwashe wa mutum jarinshi yana kwance a ɗaki, wanda aka cuta ya tashi ya shiga mutane yana murmushi, ko maƙwabcinshi bai sani ba. Mu a zamaninmu a fili aka yaudare mu, a fili aka ji kunya, aka kuma taru aka ɗauki nauyin juna. Lawandi ya rasu a Sabuwa shekarun baya, bai yi arziki ba, amma masu sallar gawarshi har bakin hanya, kowa na faɗin alherin da ya yi mashi. Na tsaya a sahu na uku ina duban jama'ar nan, na ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina. Wannan karon dai abin da ya cancanci kishi na yi wa kishi.