Sawun Zabon Iya Larai

A gidan magina tukwane aka haifi Iya Larai, a Aujara, kuma tun kafin ta iya tuƙa tuwo ta iya kwaɓa yumɓu. Kakarta ce ta koya mata ginin randa da tulu, da zanen gidansu: layi uku a wuyan randa, ƙarƙashinsu ƴan rassa da suke kira sawun zabo. Ko a kasuwa aka ga zanen nan an san daga inda randa ta fito.

Ƴaƴanta mata duk sun yi aure a Dutse, ba wadda ta yarda ta taɓa laka. Ba ta taɓa yi musu faɗa ba, amma abin yana cin ta a rai.

Da girma ya kama ta, sai yanar ido ta rage mata gani. Ginin bai gagare ta ba, hannu ya riga ya saba, amma zanen ya fara karkacewa. Wata rana da hantsi Mashkura, matar maƙwabcinsu, ta shigo sayen kasko, ta tarar da ita tana shafe zanen da ta yi a jikin ɗanyar randa, tana tsaki.

"Iya, lafiya?"

"Ina fa lafiya, ƴar nan. Zabon ne ya ƙi tafiya daidai."

Mashkura ta yi dariya, ta tsuguna. "Ba ni tsinken zanen, ki riƙa faɗa mini."

Ba a taɓa ba bare tsinken nan ba. Duk da haka Iya Larai ta miƙa mata, ta ɗora hannunta a kan nata, suka ja layin farko tare. Randar ranar ba ta yi kyau ba, ta biye da ita ma haka. Sai da rani ya ƙare kafin Iya ta shafa wuyan wata randa da yatsa ta ce, "To, wannan namu ne."

Yanzu Mashkura ke gini da gashi, mijinta na kai kayan kasuwar Shuwarin. Iya kuwa tana gefe a kan tabarma tana tsince tsakuwa daga yumɓu. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta nuna masa Mashkura.

"Na roƙi Allah magajiya," in ji ta, "sai ya aiko mini ita ta zo sayen kasko. Alhamdu lillahi."