Haƙori Ba Ya Ƙarya

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ran Alhamis a shekarun baya ya san Baba Manu. Shekara talatin da bakwai ya yi a kara yana dillancin shanu, tun bayan da fari ya cinye garken ubansa. Gwanintarsa ɗaya ce: ya damƙi hancin sa, ya ɗaga leɓe, ya duba haƙori, ya faɗa maka shekarunsa ba kuskure. A shafe ƙaho da mai, a ɗura wa tsohon sa kanwa da ruwa har ciki ya yi tim, duk a banza. "Haƙori ba ya ƙarya," in ji Manu, sai ciniki ya watse. Masu algus sun tsane shi kamar me.

To, tsufa ba ya sallama. Ƙarfin riƙe sa ya tafi. Samari kuma suka zo da waya, a ɗauki hoton sa a tura Kudu, ciniki ya faɗa ba wanda ya buɗe bakin dabba. Alhazan da yake wa dillanci suka fara cewa, "Baba, ka je ka huta." Hutu a ina? Da me? Shi da matarsa Mero, Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya a raye ba.

Ana cikin haka aka sayar da gidan da suke haya. Sabon mai gida ya ce shaguna zai yi, ya ba su zuwa Juma'ar ƙarshen wata. Manu ya taka Maigatari lungu-lungu, ya je har Gumel. Ga ɗakuna nan a kulle, amma da an ga furfura sai a ce an riga an kama. Wani ma bai ɓoye ba, ya ce, "Baba, ba ɗa ba jika, in ka kwanta ciwo wa zai ɗauke ka? Ni ba zan iya korarka ba, ba zan iya jinyarka ba." Wallahi gara zagi da wannan magana.

Ran Talata, saura kwana uku, labari ya zo cewa wani siton riɗi a Gagarawa Tasha na neman mai gadi, har da ɗakin zama a bakin ƙofa. Sai dai an ce kada mutum ya haura shekara hamsin. Manu kuwa sittin da takwas gare shi.

Mero ce ta kawo dabara. Washegari da sassafe ta dama baƙin rini, ta zaunar da shi, ta bi gemu da saje tana shafawa. Kunya ta hana shi ɗago ido.

"Malam, ɗaga kai mana. Ai ba sata za ka yi ba. Kawai in ka je kada ka cika buɗe baki."

Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya hau mota.

Wa zai tarar a matsayin manaja? Zaharaddini, ɗan marigayi Alhaji Ɗalha, wanda Manu ya yi wa dillanci shekara ashirin. Haba, sai murna ta kwashe tsoho, ya manta da gargaɗin Mero, ya washe baki har kunne. Haƙora huɗu ne suka rage a ciki. Ga zafin hanya kuma ya sa gumi ya jiƙa rinin, yana gangarowa wuya.

Zaharaddini ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi kujera da ruwa. Ya dubi gemun, ya dubi bakin, ya sunkuyar da kai.

"Baba, kai ne fa kake cewa…"

Manu ne ya ƙarasa masa: "Haƙori ba ya ƙarya."

"Masu wurin matashi suka ce, Baba. Ba ni da iko."

"Ɗana, ni na kayar da bijimin da ƙarti huɗu suka kasa. Ran nan ubanka na tsaye yana kallo."

"Na sani, Baba. A da ke nan."

Ya cusa masa kuɗin mota a aljihu. Manu ya so ya mayar, amma ba shi da na komawa. Wannan karɓar ta fi komai ƙona masa rai.

Da la'asar ya iso gida. Mero, baiwar Allah, ta riga ta ɗaure kaya tsaf don tafiya sabon ɗaki: tabarma, tukwane biyu, akwatin ƙarfe. Ta dubi wuyan rigarsa da ya yi baƙi ƙirin. Ta sunkuya za ta kwance igiya.

"Bar shi a ɗaure," in ji Manu. "Jibi Juma'a."

"Mu nufi ina, Malam?"

Manu ya zauna a kan akwatin, ya kama gemunsa yana murzawa, baƙin yana fita a tafin hannunsa.