Haruffan Yaya Haruna Masu Takalmi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa, kuma bana ji nake kamar za a sake sa ni in binne shi. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa rubutun fenti a alluna da bangaye da jikin motoci. A da, in ka taso daga Daura ka nufi Mai'adua ko Babban Mutum, da wuya ka wuce shago uku ba ka ci karo da hannunsa ba.

Haruffansa ƙarti ne, masu kauri kamar taɓarya, kowane da ɗan faɗi a ƙafa da ka. Wannan faɗin shi yake kira takalmi. Yakan ce harafi marar takalmi kamar mutum ne ya je gaisuwar surukai ƙafa ba komai. Kaurin kuma don mai wucewa a mota ne, ya karanta kafin ya ƙifta ido. Inda harafi ya sirance, can yake maimaita fenti sau biyu, don can rana ke fara ci. Kan lanƙwasar Ƙ da Ɗ kuwa sai ya ɓata rabin wuni, muna yi masa tsiya cewa saura ya ɗinka musu hula.

Yana da wata al'ada da ta sha haɗa shi faɗa da matarsa, Yaya Binta. Da kaka ta yi, sai ya ɗaure gwangwanayen fenti a bayan keke, ya bi duk rubutun da ya taɓa yi yana gyara abin da damina ta ɓata, ba wanda ya kira shi. Wai rubutu dabbar kiwo ce, ba a sayar da ita a manta. Ni tela ne, kuma a lokacin wauta na ɗauki abin. Sai da ya tafi na ga abin da keken nan ya riƙe. Alluna suka koɗe ɗaya bayan ɗaya, masu shaguna suka maye su da ledar da inji ke bugawa. Ban ga laifinsu ba, zamani riga ne. Da yana nan, na san zai tsaya gaban ledar nan ya daɗe, ya yaba kalar, sannan ya tambayi wa ya aiko haruffan nan kasuwa ba takalmi.

Yau, iya sanina, rubutunsa ɗaya ya rage, wanda ya yi a bangon shagona, kan yaɓen ƙasa. Na yi iya ƙoƙarina. Na kira wani mai fenti ya ɗan farfaɗo da shi, yana gama harafin farko na riƙe masa hannu, don na ga garin neman gira za a rasa ido. Na sa aka ɗauki hoto aka kai wa masu kwamfuta, suka samo mini wasu haruffa masu kama da su. Kama da wane ba ta wane. Nasu a ƙame suke kamar an yi musu horo, nasa kuwa kamar za su gaishe ka.

Daminar bara ta tsaga bangon daga sama har ƙasa. Magini ya duba ya ce ko mu rushe shi kafin ruwa ya sauka, ko ya rushe da kansa a kan yaran da ke zama gindinsa. Na tambaya ko za a iya ɓamɓare yaɓen a ajiye. Ya murza gefe da yatsa, ƙasa ta zubo kamar gari.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda zan faɗa wa Yaya Binta. Ba ta yi boko ba, amma ta fi kowa sanin hannun mijinta. Duk lokacin da za ta kasuwa sai ta zagayo ta layinmu, ko da hanyar ta fi nisa, ta ɗan dakata gaban bangon kafin ta leƙo mu gaisa. Na yi ta jan ƙafa har makon jiya, na rasa mafita na faɗa mata.

Ta tsaya gaban bangon tana kallon tsagar. Can ta ce, "Malam Idi, karanta mini abin da ya rubuta."

Duk shekarun nan ba ta taɓa tambaya ba. Na karanta mata: Idi Tela, ɗinkin maza da ƙananan yara.

"Shi ke nan? Ba sunansa?"

Na ce babu. Bai taɓa sa sunansa a aikinsa ba, cewa yake wanda ya san shi ya gani.

"To, ai na gani," in ji ta. Ta gyara mayafi ta wuce.

Ina ta auna abin da zai saura. 'Ya'yansa suna nan, addu'a ba ta yanke ba, wannan shi ne babba, na sani. Amma wallahi zuciya ba ta jin lissafi. Hannun da ya sa rabin garin nan ya san sunan ɗan'uwansa, ba ni da dabarar da zan tsare masa ko harafi ɗaya.

Magini zai zo bayan sallar Juma'a. Na roƙe shi ya fara ta bayan shago, ya bar fuskar da rubutun yake zuwa ƙarshe. Yaya Binta kuma ta aiko jikarta ta ce in faɗa mata ranar, don ta san lokacin da za ta koma bin gajeriyar hanya.